Mai Duba wa Kuwabara Ƙasan Mota

Ni na ɗaga motar Kuwabara-san, ni kuma na sauke ta. Shekara bakwai ne tsakanin ayyukan biyu, kuma da na san abin da na farkon zai jawo, da ranar ban ɗauki sifana ba.

Garejin da ke bakin ƙauyenmu, daf da inda ake fara hawan tsauni, nawa ne. Babana ya bar mini shi, tare da ramin duba mota mai tara ruwa da kwastomomin da duk sun girme ni. Sunana Chizuru. Na haura hamsin, amma har yau tsofaffin nan Chizu-chan suke ce mini, kamar jiya na bar firamare. Shi kuwa Kuwabara-san Kawu nake ce masa tun ina yarinya, ko da yake ba mu haɗa komai ba sai maƙwabtaka.

Tsohon direban bas ne, shekara talatin da takwas a kan hanya ɗaya: daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙauyen ƙarshe a saman tsauni, ya juyo. Gajere ne, mai ƙaramar murya, ba ya riƙe sitiyari sai da farar safar hannu. Kwana shida a mako yana kallon duniya daga saman bas. Ran Lahadi kuma sai ya shige wata farar motar tsere mai kujera biyu, wadda babana ya sauke masa har cikinta ya kusa shafar kwalta, ya zauna a ciki kamar wanda ya zauna a tabarma. Babana kan tsokane shi ya ce, “Mitsuru, kai dai ba ka san tsaka-tsaki ba, ko kana sama ko kana ƙasa.”

Matarsa Terumi kwandastarsa ce tun asali. Lokacin da ya fara aiki kowace bas tana da mai yanka tikiti, kuma aikinta bai tsaya a tikiti ba. In an zo inda hanya ta matse, ko za a ja da baya a bakin kwari, ita ke sauka da usur a baki. Busa biyu-biyu, taho. Busa ɗaya mai tsawo, tsaya. Shekara huɗu suna haka, sai kamfani ya ce direba shi kaɗai ya isa, aka kafa akwatin kuɗi a bakin ƙofa, aka sallami kwandastoci kaf. Terumi ta mayar da hula da jaka, usur kuwa ta ce ya ɓata. A shekarar suka yi aure.

Duk mai saukakkiyar mota ya san ba a tunkarar doro kai tsaye. A karkace ake shiga, taya ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ke kujerar gefe sauka yake yi don nauyi ya ragu, ya tsuguna a gaba yana duba ƙasan motar. Samari da yawa a garin nan sun rasa 'yan matansu a kan wannan, don ba kowace mace za ta ci ado a ce mata ta tsuguna a bakin titi ba. Terumi kuwa abin nema ya samu. Kafin ya gama taka birki ta buɗe ƙofa, usur na baki.

Mafi munin doro a yankinmu shi ne na tsohuwar gadar dutse da ke kai wa haikali da maƙabarta. Gajeriyar gada ce a kan rafi, tsakiyarta a tashe kamar bayan kunkuru, kuma duwatsunta cike suke da zanen salansar mutane. A cikin zanen nan babu na Kuwabara ko ɗaya. Terumi takan tsaya a jikin ginshiƙin hagu, ta sunkuya har gashinta ya kusa taɓa ƙasa, tana busawa, shi kuma ba ya kallon hanya sam, ita yake kallo. Mu yara har zuwa muke yi kallo. In ya tsallake sai ya fito, ya buɗe mata ƙofa, ya ɗan rusuna ya ce, “Sannu da aiki.” Ita kuma ta ce, “Sannu direba.” Kusan shekara arba'in suna wannan wasan, ba su gaji ba.

Sai ƙugunta ya fara ciwo. Aka yi mata aiki a asibitin birni, ta dawo da sanda. Wata safiya Kawu ya zo garejina shi kaɗai.

“Chizu-chan, ɗaga min ita. Mayar da ita yadda masu ita suka ƙera ta.”

“Kawu, kun tambayi Inna Terumi?”

“Tambayar me? Mace tana shiga mota kamar za ta faɗa rijiya, fita kuma sai na ja ta da hannu biyu. So nake ta huta.”

Na ga magana ce ta hankali. Na cire gajerun sifirin, na sa dogaye da shokazoba masu laushi, har ina yaba kaina. Ran Lahadi suka fita. Da suka iso gada Terumi ta kai hannu ga ƙofa, sai ya ce mata, “Zauna abinki, yanzu ba sai kin sauka ba.” Ya haye doron kai tsaye kamar kowace mota. Da suka dawo gida ta rataye usur a madubin gaba, ta shiga ciki, kuma daga ranar ba ta ƙara shiga motar ba. In ya ce su fita sai ta ce ƙugu, in ba ƙugu ba ta ce rana ta yi yawa.

Ni ta gaya wa, bayan shekara biyu, da ta kawo mini tsimin kabeji a ɗan kwano.

“Sau biyu aka sallame ni daga aiki a rayuwata,” ta ce. “Na biyun ke kika ɗaure notin.”

Dariya take yi da ta faɗa, amma ni ban yi ba. Na ce gobe-goben nan sai in sauke ta.

“Kul. In ya so zai gane da kansa. Mutumin da ya san busa biyu da busa ɗaya, ai bai kamata sai an yi masa bayani ba.”

Ban gaya masa ba. Na ce a raina maganar miji da mata ce, ba ruwan mai gareji. Yau kam na san tsoro ne kawai, kuma har yanzu ina jin haushin kaina. Su biyun kuma kowa da nasa taurin kan, suna zaune gida ɗaya, suna cin abinci a tebur ɗaya cikin mutunci, motar tana rumfa an lulluɓe ta. A sanyin bara, ƙanƙara ta rufe hanya, Terumi ta rasu.

Bayan nan Kawu ya zama abin tausayi, ko da yake da ka ce masa haka da ya daina gaishe ka. Kullum yana wucewa ta gaban garejina da safe zuwa kanti, ya dawo da shinkafa dafaffiya ta mutum ɗaya a 'yar roba. Abokan Lahadinsa, masu saukakkun motoci da a da suke cika filin saman tsauni, wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa birni, ɗaya yana gidan kula da tsofaffi bai ma san sunan kansa ba. Ɗansa Ryota yana Nagoya, yana bugo waya duk Asabar, kuma wayar magana ɗaya ce: Baba ku mayar wa hukuma lasisin nan, shekara saba'in da biyar ba wasa ba ce. Wani lokaci in na wuce da yamma nakan hango shi zaune cikin motar a rumfa, injin a kashe, safar hannu a hannu.

A farkon watan bakwai na ji ƙarar injin da na sani tun ina yarinya. Ya shigo da ita a hankali, ya fito, ya buɗe but. Kwalaye huɗu ne a ciki, sababbin gajerun sifirin da shokazobansu, irin masu zobe da ake murzawa a ƙara tsayi ko a rage.

“Sauke min ita.”

“Kawu, ni da nake jiran ku kawo ta a nemo mai saye?”

“Na yi wa Ryota alkawari, bayan Obon, bikin tarbar mamata, zan miƙa lasisi. Amma wannan ne Obon ɗin Terumi na farko. Ni zan je in ɗauko ta.”

A ƙauyenmu ranar sha uku ga watan takwas kowane gida yana hawa maƙabarta da fitilar takarda, a kunna ta a bakin kabari, a taho da mamatan gida su kwana uku. Masu ƙarfi suna tafiya a ƙasa, masu mota kuma suna buɗe ƙofar baya su ce wa mamatan su shiga. Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

“To ai motar tana tafiya yadda take,” na ce.

“Yadda take ba za ta shiga ba.” Ya cire safar hannu ɗaya, ya sake sawa. “Shekara bakwai ba ta shiga ba tana da rai, yanzu ne za ta shiga? In na je da wannan raƙumin, fitila kawai zan kawo gida.”

Na kasa kallonsa. Na ce, “Ta gaya muku ne?”

“Da ta gaya mini ai da sauƙi. Ina wanke madubi ne bayan addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwarta, na ga usur ɗin. Shekara bakwai yana lilo a gaban hancina, Chizu-chan. Ni da ake yaba wa ido a kamfani.”

Kwana biyu muka yi a kan aikin, don na hana shi taɓa komai kuma ya ƙi tafiya gida. Na ɗaga ta, na cire tayoyi, na kwance dogayen da na sa da hannuna. Notin baya na dama ya ci tsatsa, sai da na gasa shi da wuta ina zaginsa. Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya yana goge kowane noti da tsumma yana jera su.

“Babanki ba ya zagin noti.”

“Babana yana da ku kuna riƙe masa fitila, ni kuwa sa ido kawai kuka zo yi.”

“Bakinki dai tun kina goye haka yake.”

Na ɗaura sababbin, na sauke ta a kan tayoyinta kafin in ƙarasa ɗaure ƙafafun, don in ka ɗaure su mota tana rataye robobin murɗewa suke yi su yage. Da na ɗauko abin awo sai ya ce in dakata. Ya je gida da 'yar motata ta ɗaukar kaya, ya dawo da buhun shinkafa mai kilo talatin da wani ƙaramin ƙunshi. Ya ɗora su a kujerar gefe, ya ja bel ya ɗaure.

“Kilo arba'in da huɗu. Da nauyinta ake gwadawa, haka babanki yake yi. In ta sauka motar tana tashi kaɗan, da wannan kaɗan ɗin muke tsallakewa.”

Ya shiga ya zauna a mazauninsa, ni kuma ina kwance a ƙasa ina murza zobe, kusurwa bayan kusurwa. Doka ta ce kada cikin mota ya gaza santimita tara daga ƙasa, kuma akwai guntun katako da babana ya yanka daidai wannan awon. Na tsaya a goma.

“Ƙara.”

“Kawu, sabon sifirin zama yake yi. Nan da wata ɗaya zai sauka da kansa. Ku bar mata ɗaya na ajiya.”

“A tara ta san ta.”

“Kuma wa zai duba muku ƙasa a gada? Bari in bi ku ranar.”

“Kujera biyu ce,” ya ce. “Duka da masu su.”

Na murza har katakon ya shige da ƙyar. Da ya fito da ita hasken rana, tayoyin sun shige cikin jikinta, yatsa ɗaya ba ya shiga tsakani, sai na ga motar yarintata ta dawo. Shi kuwa kafin ya iya fitowa daga ciki sai da ya dafa ƙasa da hannu.

Ranar sha uku da la'asar ni ma na hau da fitilar gidanmu, don babana da innata suna can. Zafi ake yi mai nauyi, kukan ƙwari ya cika itatuwa. Ina daf da gada na ji shi tafe. Ya tsaya, ya daɗe yana kallon doron, sannan ya karkata ya shiga. Tayar farko ta hau, ta biyu ta hau. Sai na ji ƙarar da duk mai gareji ya tsana, ƙarfe a kan dutse, doguwa, har cikin haƙorana. Sifirin ya zauna kamar yadda na faɗa, kuma ban ji daɗin cin gardamar ba ko kaɗan.

A sama na same shi a tsugune yana leƙa ƙasan motar. Salansa ce ta karce, ba ta fashe ba.

“Ba komai, Kawu, fenti ne kawai. In za ku sauko zan tsaya muku.”

“Ta ji,” ya ce. “Daga nan ai ana jin gada.”

Ya ɗauki guga da ludayi ya tafi wajen kabarinta. Na wanke namu, na sa furanni, na kunna turare, amma rabin hankalina yana wajensa. Ya daɗe a durƙushe. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ko na ji ba zan rubuta ba. Daga baya ya kunna kyandir ɗin fitilarsa, ya taho da ita a hankali yana kare ta da tafin hannu, ya buɗe ƙofar gefe, ya tsaya jim kaɗan kamar mai jiran tsohuwa ta gyara zama. Ya kafa fitilar a wani ɗan bokitin yashi a kan kujera, ya rufe ƙofa ba ƙara.

Na riga shi sauka, na tsaya a ƙetaren gada ta dama, na ajiye fitilata, na shirya hannu. Mutanen gidaje uku suna bayansa a ƙasa, ba wanda ya yi ƙoƙarin wuce shi.

A bakin doro ya taka birki. Ya dafa ƙasa ya fito, ya zagayo ya buɗe ƙofar gefe. Ya ciro usur daga madubi, ya ɗauki fitilar, ya taka gadar da ƙafa har ginshiƙin hagu. A nan ya ajiye ta, ƙasa-ƙasa, ya rataya usur a jikin sandar fitilar. Ya koma ya gyara safar hannunsa.

Na sunkuya ina miƙa hannu, hagu kaɗan, hagu kaɗan. Ko sau ɗaya bai dube ni ba. Idonsa yana kan ginshiƙin hagu. Motar ta karkata fiye da yadda ni zan ce ya karkata, har na ɗauka bambar za ta daki dutse. Taya ɗaya ta hau, ya tsaya cak, kamar an busa masa. Ya ɗan murza sitiyari, ya sake tahowa. Daga inda nake ina ganin salansar tana bin saman dutsen, tsakaninsu bai fi kaurin takarda ba. Ta wuce, ba a ji komai ba sai rafi.

Kanikanci ne abincina, ina iya kawo dalilai uku da suka sa mota ta karce a hawa ba ta karce a sauka ba. Ranar ban nemi ko ɗaya ba.

Ya fito, ya ɗauko fitilar, ya buɗe ƙofa, ya ɗan rusuna.

“Sannu da aiki.”

Ya tsaya a rusune, kansa a karkace, daidai tsawon amsar da aka saba ba shi. Sannan ya rufe ƙofa. Wata tsohuwa cikin masu jira ta ja hanci, ni kuma na yi ta faman gyara kyandir ɗin da ba abin da ya same shi.

Kwana ukun nan kullum sai na ga farar motar ta wuce, tagogi a sauke, fitila a kujerar gefe. Ya kai ta filin saman tsauni, ya kai ta tashar jirgin ƙasa, ya bi da ita tsohuwar hanyar bas har ƙauyen ƙarshe, inda yanzu ba kowa sai gidaje a rufe. Ryota bai samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi, ya aiko da furanni.

Ranar sha shida ake mayar da mamata. Ban hau da wuri ba, wata motar noma ta tsare ni. Rana ta yi sanyi ina wanke hannu sai na ga Kawu yana saukowa daga hanyar tsauni a ƙasa, fitilar a naɗe a hammatarsa, yana taka gefen titi a hankali.

“Kawu! Ina motar? Karo kuka yi?”

“Lafiyarta ƙalau. Mun haye ba ko ƙwarzane.” Ya cire safar hannunsa, ya naɗe makullin a ciki, ya ajiye a kan teburin aikina. “Tana can sama, gefen haikali. In kin samu sarari ki je ki sauko da ita.”

“To me ya hana ku saukowa da ita?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

“Terumi ai ta sauka a can. Wa zai duba mini ƙasa?”

Ya ce in gaida gida, ya kama hanyar kanti kafin a rufe.